Ranar da Na Ceci Zaki Daga Miyar Agushi

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da na ceci zaki daga miyar agushi ba. Ko na so in manta ma babu hali, domin matata Rabi ta ɗauki nauyin tuna mini sau biyu kullum, da rana da kuma bayan magariba, ba tare da ta ce uffan ba. Yadda take yin haka sai mun kai can, amma bari in faro daga inda na fara haƙa wa kaina rami.

Lokacin wayar salula ta fara shigowa hannun irinmu, ni kuma ina aiki a wani kamfanin haƙa rijiyar burtsatse a Bukuru. In aka tambaye ni a unguwa sai in ce ina sashen gudanarwa. Gaskiyar magana kuwa fayil nake ajiyewa, a wani ɗaki mara taga da ke bayan sito, ni da wasu ɓeraye biyu da muka saba da juna. Kullum da safe in fito daga Anguwan Rogo cikin kwat ɗina na gwanjo, in hau acaɓa zuwa Terminus, in shiga bas ɗin Bukuru a matse mu huɗu a kujerar mutum uku, ina rungume da jaka irin ta lauyoyi (ba komai cikinta sai tsohuwar jarida da ƙosan da zan ci da rana). Amma in ka ga yadda nake gyara zama a bas ɗin nan, sai ka rantse motata ce ke wurin makanike.

Babban ciwona a duniya shi ne a ce ban san abu ba. Wata rana muna hutun rana gardama ta kaure tsakanin ma'aikata kan hannun da Turawa ke riƙe cokali mai yatsu da shi. Ba wanda ya tambaye ni, na tsoma baki na ce hagu. Aka ce ina na sani. Kafin in yi tunani bakina ya riga ni, na ce ai kakana kukun Turawan kuza ne, a gindin teburin Bature babana ya yi rarrafe.

Allah ya jiƙan kakana, bai taɓa riƙe ludayin Bature ba. Daga ƙasar Kano ya zo Jos yana saurayi, ya shekara talatin yana ɗaukar ƙasar kuza a kwanon sarki, wannan babban kwanon ƙarfe da leburori ke ɗorawa a ka, har tsakiyar kansa ta daina fitar da gashi. Ni ne rana ɗaya na zauna na yi masa ƙarin girma yana kabari. Daga ranar aka laƙaba mini Jikan Kuku, duk abin da ya shafi Turawa ni ake nema. Wanda na sani in faɗa, wanda ban sani ba in ƙirƙira, kuma ba a taɓa kama ni ba.

Mai kamfanin, wanda kowa ke kira Oga, Bayarabe ne haifaffen Jos, Hausarsa ta fi ta wasunmu tsabta. Matarsa Alhaja babbar 'yar kasuwa ce mai fita waje sarin kaya, kuma kowa a ofis ya san ba a yanke shawara a kamfanin nan sai ta bi ta kicin ɗinta. Da aurena da Rabi ya tashi ba su samu zuwa ba, amma Alhaja ta aiko direba da wani kwali a naɗe cikin takarda mai ƙyalli. Na hana kowa taɓa shi, har da gwaggonnin amarya masu jere da suka so su leƙa. Sai da aka watse biki, gida ya rage daga ni sai Rabi, sannan na wanke hannu na buɗe.

Wasu alluna ne guda shida, kowanne bai kai faɗin tire ba. Fuskarsu na sheƙi, bayansu kuma wani abu ne mai laushi launin ƙasa. A kan kowanne an zana dabbar daji, zane mai kyan gaske. Ga zaki kwance a kan dutse, ga giwa da ɗanta, ga raƙumin dawa, da damisa a kan reshe, da ɓauna, sai wani jakin dawa da ya juyo yana kallon mutum kamar yana da magana a bakinsa. Ban taɓa ganin irinsu ba a rayuwata, amma nan take na gyara murya na ce ai na san su.

Rabi ta ɗauki na giwar ta juya shi, ta ƙwanƙwasa da farce, ta shafa bayansa. 'Yar tela ce, ta saba duba abu ta ciki kafin ta yaba wajensa.

"Malam, ni fa sun yi mini kama da faifan da ake ɗora kwano a kai," in ji ta. "Dubi bayan, an yi shi ne don kada ya zame."

Na yi dariyar da har yau in na tuna da ita sai na ji kamar in mari kaina. Na ce mata ba komai ne kayan kicin ba, wannan zanen Turawa ne na ado, irin wanda manyan mutane ke ratayewa a falo. Ta tambaya me ya sa ba su da hudar ƙusa. Na ce hoton kalanda ne ake hudawa, zane mai tsada firem ake sa masa. Ta ajiye giwar a hankali ta ce, "To, ai kai ne ɗan boko." Na ɗauka yabo ne.

Washegari na kwashe su na nufi Terminus. Tun bayan gobarar kasuwa wani mai sa wa hoto gilashi ya koma wata 'yar rumfa a bakin titi, can na same shi. Ya ɗauki zakin ya juya bayansa, daidai yadda Rabi ta yi, ya ɗan ɓata fuska, ya ce da ni ya taɓa ganin irin kayan nan a wani otal. Ban bari ya ƙarasa ba. Na ce ai dole ya gani, manyan otal-otal ne ke da irinsu. Ya dube ni, ya dubi kwat ɗina, ya ce, "Ba wahala, oga." Bawan Allah nan ya so ya cece ni, ni na toshe masa baki. Bayan kwana uku na karɓo su, kowanne cikin firem mai ruwan zinari da gilashi tas.

Ƙusa shida na buga a bangon falonmu, wanda in mutum uku suka zauna na huɗu sai ya tsaya a ƙofa. Zaki na sa a tsakiya saman talabijin, jakin dawa kuma can gefe kusa da labule, don kallonsa ba ya mini daɗi. Maƙwabta suka yi ta shigowa kallo, ni kuma ina tsaye da hannu a baya ina bayani. Har na gaya wa wani dattijo maƙwabcinmu cewa daga yadda aka zana gashin wuyan zakin za ka gane hannun Baturen Ingila ne (ban san ko a Ingila akwai zaki ba). Mahaifiyata ce kaɗai abin bai burge ba. Inna ta shigo, ta ɗaga kai ta ga namun daji jere, ta ce ita ba za ta yi salla a gaban kura da zaki ba. Na ce babu kura a ciki. Ta ce duk dangi ne. Daga ranar, in Inna za ta zo, Rabi kan hau kujera ta lulluɓe su da zannuwa, falon ya koma kamar wurin shanya.

Ana cikin haka kamfaninmu ya samu wani babban aiki, aka ce baƙi za su riƙa zuwa daga Legas har da ƙasashen waje. Oga ya sanar cewa yana neman mutum ɗaya da zai riƙa kula da su, ya tarbo su, ya kai su masauki, ya tabbatar da cinsu da shansu. Aikin yana da ƙarin albashi, da babur na kamfani, da ofis mai taga. Sunaye biyu aka ambata, nawa da na Bitrus, wani mai kula da sito ɗan Bukuru wanda sai ya wuni bai yi magana goma ba. Oga ya kira mu ya ce ranar Asabar mu je gidansa cin abincin rana tare da baƙi biyu, Alhaja za ta duba mu. Da zan fita ya ƙara da cewa, "Kai ai ba ka da matsala, Jikan Kuku."

Ba zan ɓoye muku ba, na so aikin nan so mai tsanani. Shekara huɗu na yi a ɗakin fayil, har na fara jin warin tsohuwar takarda a jikin rigunana. Gidan hayar da muke ciki famfo ɗaya ne na ɗaki tara, kullum Rabi sai ta yi sammako ta kafa bokiti a layi cikin sanyin Jos, hannayenta har sun fara tsagewa. Na yi mata alkawari in na samu aikin za mu koma gida mai famfo a ciki. Tun ranar na ga ta fara tambayar ƙawarta unguwar da haya ke da sauƙi.

Kwana huɗu na yi ina atisaye. Na sayo cokali mai yatsu, na ari wuƙar yankan albasa, na sa Rabi ta riƙa dafa mini doya ina yankawa da ɗai-ɗai har ta huce. Sau biyu doya ta yi tsalle ta bar faranti. Ran Asabar da safe tana goge mini kwat ta ce, ba tare da ta ɗago ba, in na je in fara kallon abin da mutane ke yi kafin in yi nawa. Na ce mata wannan shawarar ƙauyawa ake ba.

Gidan Oga gida ne na gaske. Na tarar Bitrus ya riga ni, yana zaune a gefen kujera cikin rigar atamfa, har na ɗan tausaya masa. Baƙi biyu ne kamar yadda aka ce. Ɗaya injiniya ne daga Legas wanda ba ya jin ko zo in kashe ka da Hausa. Ɗayan kuwa wani tsohon Bature ne jajir, mai farin gashi. Na miƙa masa hannu da Turancin da na kwana ina haddacewa, sai na ji ya ce, "Sannu malam, yaya iyali, yaya sanyi?" Ashe a Bukuru aka haife shi zamanin kuza, ubansa na cikin manyan Turawan ma'adinai. Oga kuma, don ya taimake ni, ya dafa kafaɗata ya ce ai kakan wannan kukun mutanenku ne. Fuskar Baturen ta washe, ya tambaye ni a gidan wa ya yi aiki, don shi ya san kusan duk kukun Bukuru na lokacin. Na ce ya yi gidaje da yawa. Allah ya taimake ni a daidai nan Alhaja ta leƙo ta ce abinci ya sauka.

Ina shiga ɗakin cin abincin na tsaya cik. Dogon tebur ne baƙi mai sheƙi, kana ganin fuskarka a ciki, kuma a gaban kowace kujera ga dabba kwance. Ga giwata, ga damisata, ga ɓaunata. Ga zakina, shi ɗin dai, kwance a kan dutsensa a gaban kujerar Bature.

Mai hankali a nan zai tsaya ya yi tunani. Ni ma na yi tunanin, sai dai ga inda ya kai ni. Na ce a raina lallai Alhaja ta fito da nata zanen ne don baƙi su gani kafin a ci abinci, kamar yadda matanmu ke jera kwanuka a kabad don a san gidan ba na banza ba ne. Har na ɗan yi mamakin mai kuɗi kamarta a ce ba ta sa musu gilashi ba. Na mai da hannu baya na zaga teburin ina gyaɗa kai, na tsaya kan zakin na nuna wa injiniyan Legas gashin wuyansa. Ya ce da ni wani abu kamar eh, yana da kyau, ya ja kujera ya zauna.

Kowa ya zauna. Ina jira a zo a kwashe hotuna, sai ga Alhaja da kanta ɗauke da tire, tururi ya rufe mata tabarau. Ta ɗauko faranti cike da miyar agushi, tana tafasa, manja na yawo a kanta, ta dire shi daram a kan zaki. Wani ɗigon manja ya gangaro ta gefen farantin ya sauka daidai idonsa.

Zuciyata ta ce ga damarka. Tururi ya hana baiwar Allah gani, kowa kuma ya yi shiru don kunya, to ai irin wannan ranar ake neman mai kula da baƙi. Na miƙe zumbur. Bitrus ya riƙe mini gefen kwat ta ƙarƙashin tebur, na fizge, na ce a raina hassada ce. Na zagaya na ɗaga farantin Bature, na zare zakin, na dire farantin a kan tsurar tebur, na goge manjan da hannun kwat ɗina. Da ma a nan na tsaya. Ina! Sai da na bi teburin nan kaf, ina cewa a gafarce ni, ina zare dabbobi daga gaban mutane ɗaya bayan ɗaya, har na gaban Oga. Na rungume su a ƙirji, na juyo ina murmushin wanda ya gama aikin alheri.

"Alhaja, a yi haƙuri," na ce, "an manta ba a kwashe hotunan ba. Saura kaɗan miya ta ɓata zakin."

Alhaja ta ajiye tire, ta cire tabarau ta goge da gefen mayafi, ta mayar, ta dube ni tun daga takalmi.

"Ɗana, ina za ka kai mini tabarman faranti?"

"Tabarmar me, Alhaja?"

"Na faranti. Shi ake sa don zafi kada ya ƙona mini tebur. Ba irinsa na aiko muku a biki ba? Ku me kuke yi da naku?"

Ni da na shekara huɗu ina ƙarya ba tare da na yi tuntuɓe ba, ranar da ƙarya za ta yi mini rana sai ta gudu ta bar ni. Na ji bakina yana cewa suna bango. Ta ce wane bango. Na ce na falo. Sannan, don ba a tambaye ni ba, na ƙara da cewa na sa musu firem da gilashi.

Baturen ne ya fara, ya yi kamar ruwa ya sarƙe shi, kafaɗunsa na rawa. Alhaja ta dafa kujera ta zauna, dariya ta hana ta numfashi, hawaye na bin kumatunta. Injiniyan Legas ya yi ta waige-waige yana tambayar abin da ya faru, Oga kuwa mutum ne mai son baƙonsa ya fahimci komai, sai ya gyara zama ya fassara masa da Turanci tun daga farko, bai tsallake gilashin ba. Da Alhaja ta samu numfashi ta juya wajen kicin ta sake ba 'yan'uwanta da ke ciki labarin da Yarbanci, na ji wata sabuwar dariya ta tashi daga can. Da harshe uku na ji kunyata a tsaye, rungume da namun daji, gumi na keto mini a garin da mutane ke sa rigar sanyi da rana. Na roƙi ƙasa ta tsage in shige, ta ƙi.

Bitrus ne ya taso ya karɓe su daga hannuna a hankali, ya mayar da kowanne wurinsa. Da ya ɗaga farantin Bature zai mayar da zaki, sai ga wani farin zobe a kan baƙin teburin, daidai girman gindin farantin. Alhaja ta daina dariya. Ta sa yatsa ta murza, bai goge ba.

Na koma kujerata na zauna tsuru-tsuru. Baturen ya share idonsa ya dube ni, ba da mugunta ba, ya ce abin da ya ba shi mamaki shi ne a gidansu kuku ne ke shimfiɗa irin waɗannan safe da yamma, yaya aka yi kakana bai taɓa ba mu labarinsu ba. Duk suka zuba mini ido. Ramin ƙarya ƙurarre ne, ni kuwa na kai ƙarshensa.

"Yallaɓai," na ce, "kakana bai taɓa shiga gidan Bature ba. Lebura ne. Kwanon sarki ya ɗauka shekara talatin."

Ba wanda ya yi dariya wannan karon. Baturen ya ɗan sunkuyar da kai ya ce, "To ai shi ya yi aikin, malam. Mu ci kawai muka yi." Oga kuwa yana wanke hannu, bai ko dube ni ba, ya ce shi ubansa facin keke yake yi a bakin kasuwar Bukuru har ya rasu, kuma bai taɓa jin bukatar mai da shi injiniya ba. Wannan maganar ta shige ni fiye da duk abin da ya faru a ɗakin.

Sakwara aka ci, kuma kowa da hannu ya ci, har Baturen, yana suɗe yatsu. Cokalina mai yatsu na cikin aljihun kwat (eh, na taho da abina ko da za a rasa), bai ga rana ba. Ana cikin hira Alhaja ta tambayi Bitrus inda ya iya shirya tebur haka, ya ce ya taɓa aiki shekara uku a wani otal kafin ya zo kamfanin. Shekara huɗu mutumin nan yana zaune yana jina ina koyar da mutane cin abincin Turawa, bai taɓa ko gyaran murya ba.

A hanyar dawowa, daga Terminus da ƙafa na taka har Anguwan Rogo, ba don babu acaɓa ba. Ina shiga Rabi ta dubi fuskata, ta dubi manjan da ke hannun kwat, ta kawo mini ruwa. Na zauna ƙarƙashin zakina na ba ta labari kaf, ban rage komai ba. Ta saurara har na gama ba ta ko motsa ba. Sannan ta miƙe ta shiga ɗaki ta rufo ƙofa. Na ji ta cusa fuska a matashi, amma katangar gidan haya ba ta rufa wa kowa asiri. Ta jima kafin ta fito, idonta ja, ta zauna kusa da ni ta ce, "Sannu Malam. Aikin fa?" Na girgiza kai.

Ranar Litinin aka ba Bitrus makullin babur. Ya cancanta, ni da kaina na je na yi masa murna, ya ce in yi haƙuri bai riƙe kwat ɗin da ƙarfi ba. Kafin azahar labari ya zaga ofis, sunana ya tashi daga Jikan Kuku ya koma Mai Ceton Zaki, har direbobi ke gaishe ni da shi. Duk wannan na iya shanye shi. Abin da ya fi ci mini rai shi ne washegari da asuba, da na ji ƙarar bokitin Rabi tana fita layin famfo, ta ja ƙofa a hankali don kada ta tashe ni. Shekara biyu ta ƙara tana wannan sammakon saboda bakina, kuma ko sau ɗaya ba ta goranta mini ba.

A makon ne na hau kujera na sauke su. Rabi ta sa wuƙar albasar nan ta ɓalle bayan firem ɗin ɗaya bayan ɗaya. Firem biyar ta rabar wa ƙawayenta masu hoton biki, ɗaya ta ajiye. Da Inna ta ji labari (a wurin wa, ban sani ba, amma ina da wanda nake zargi), ba ta yi mini faɗa ba. Ta dai zo da wani ƙullin tsumma daga ƙasan akwatinta, ta kwance, sai ga wani tsohon hoto da ya koɗe. Leburori ne a jere bakin ramin kuza, na uku daga dama wani dogo ba takalmi, da kwanon sarki a ka, yana murtuke fuska saboda rana. Ta ce ga kukun nan, in sa shi a gilashin, amma kada in rataye shi ta gabas. Na daɗe ina kallonsa. Hancinmu iri ɗaya ne.

Har yau ba mu da teburin cin abinci, a ƙasa muke ci kamar yadda muka taso. Amma Rabi ba ta bar kyautar Alhaja ta lalace ba. Kullum in ta shimfiɗa leda sai ta jera su ta ɗora kwanuka a kai, kuma kowa da nasa. Zaki na baƙo ne. Giwa ta Inna ce, wadda ta ce dabbar da aka danne da kwanon tuwo ba ta hana salla. Raƙumin dawa Rabi ta ɗaukar wa kanta, yara suka raba damisa da ɓauna. Ni kuwa tun ranar farko jakin dawa ake ajiye mini. Sau ɗaya na taɓa neman a sauya mini, ta ce ai ita ba ta san kan zane ba, wanda ya zo hannunta take ɗauka. Shekara nawa yanzu, hannun nata bai taɓa kuskure ba.

Abin da na koya bai da yawa. In matarka ta juya abu ta duba bayansa, ko mai rumfa ya buɗe baki zai yi magana, to ka bari su ƙarasa, matambayi ba ya ɓata. Kakanka kuma ka bar shi a matsayin da Allah ya ajiye shi, don ranar da ka ji kunya shi ne zai tsaya maka, ba kukun da ka ƙirƙira ba. Yanzu in na gama cin tuwo na ɗaga kwano, jakin dawa na nan yana kallona da maganar nan tasa a baki, Kaka kuma daga bango yana kallon mu duka biyun. Sai in ce alhamdulillahi, in kai kwanona kicin da kaina.